Badamasi Halabalu, Mai Ƙofar Ruwa

Ranar Talata, 14 ga Fabrairu 2017, na fara ganin Malam Badamasi, sati biyu da kama aikina na akawun ƙungiyar manoman rani a Bunkure. Ya shigo ofis da laka har gwiwa, yana ɗaga murya: "Hala ba ruwa? Tumatirin mutanena na mutuwa!" Shi ne mai buɗe ƙofar magudanar da ke shayar da gonakin ƙarshe, inda ruwa ke isa a makare.

Sau goma sha ɗaya na rubuta zuwansa a ranin nan, kowane da "Hala ba ruwa?" a bakinsa. Sabon injiniya, Taufiq, ya gaji, ya rubuta takardar neman a karɓe makullin ƙofar daga hannunsa, wai yana tayar da hullabaloo.

"Malam akawu," in ji Badamasi, "mece ce halabalu? In zagi ne, in sani."

Na ɗauko ƙamus na Turanci. Ma'anarta hayaniya da ihu barkatai. Asalinta kuwa ba a tabbatar ba: wasu sun ce daga ihun kiran mutum ne, wasu sun ce daga kalmar da iyaye mata a Sikotland ke lallashin jariri da ita.

Ranar taron yanke hukunci Badamasi ya miƙe. "Injiniya, ɗana, ƙamus bai san asalin kalmarka ba, ni na sani. 'Hala ba ruwa' ce, harshen Bature ya kasa. In kuma ta lallashi ce, ba jariri nono ka ga shiru."

Aka fashe da dariya, har da injiniyan. Hajiya Kulu, mai gonar albasa a can ƙarshe, ta ce, "A bar dariya. Akawu, karanto mana ranakun ihun nasa."

Na karanto, na haɗa da rajistar sakin ruwa. Duk sha ɗayan, ranaku ne da ruwa bai kai gonakinsu ba. Nan take Taufiq ya janye takardarsa, aka tsayar cewa Litinin da Alhamis gonakin ƙarshe ne za su fara sha.

Badamasi ya riƙe makullin har 2022, da ciwon gwiwa ya sa ya ajiye. Yana gida, yana noman albasa. Ƙofar kuwa Halabalu ake kiranta, kuma haka nake rubuta ta a rajista.