Yoyon Tagar Rufin Mota

Motar da na fara mallaka tsohuwar 'yar Kwatano ce, ruwan toka, wadda yayana ya bar mini lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa kudu. Ina malamin gona a Kibiya a lokacin, kuma kafin ita a babur nake zagaya ƙauyuka. Tana da tagar gilashi a rufinta, irin wadda ake danna maɓalli ta ɗaga ko ta zuge baya. Ni ban damu da tagar ba sai da na lura da amfaninta ga Inna, mahaifiyata. Inna ba ta jure warin fetur, ko daga Kibiya zuwa Rano sai ta yi amai. Ranar da na fara ɗaukar ta na ɗaga tagar kaɗan, iska ta riƙa ratsawa ta sama, muka je muka dawo lafiya lau. Daga nan ta daina cewa a bar ta a gida.

Duk rani motar ba ta ba ni matsala ba. Sai da damina ta kankama. Wata Asabar za mu suna a Nariya, an kwana ana ruwa, Inna ta ci ado tana gaba, maiɗakina tana baya. Ina taka birki a bakin wani rami sai ruwa ya kwararo daga silin, kamar an juye moɗa, ya sauka a kan sabon mayafinta. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube ni.

"Kai, ashe motar taka har wanka take yi wa mutane?"

Maiɗakina ta yi ta dariya har da hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni. A gidan sunan sai da aka ara wa Inna wani mayafin.

Na fara da dabarar kowa, wato leda da salatif. Kwana biyu iska ta yaye su. Sai muka koma ajiye kwanon sha a mota, duk wanda ya zauna a gaba shi ne mai tare ruwa. Kujerar ta jiƙe har cikin soso, motar ta ɗauki wani wari kamar an rufe jiƙaƙƙen buhu a ɗaki. Na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota a Rano. Ya duba ya ce robar gefen gilashin ce ta tsufa, ya zagaye ta da baƙin gam. Ruwan farko bayan haka, yoyon ya ƙaru. Da na koma sai ya ce magani ɗaya ne, a cire gilashin a shimfiɗa ƙarfe a yi walda, a huta gaba ɗaya. Na ce masa zan yi shawara. Gaskiya raina bai so ba, don na san ranar da aka rufe tagar nan Inna ta daina shiga motar.

Ina cikin wannan tunani sai ranar kasuwar Kibiya ta zo, na haɗu da Kawu, ƙanin Inna, wanda yake zaune a Durba. Kawu magini ne, tun yana saurayi yake gina soraye da yi musu yaɓe, ko da yake yanzu da rufin kwano ya yi yawa aikin ya ja baya, ya fi ba da ƙarfi a gona. Bai taɓa tuƙa ko babur ba, keke kawai ya sani. Na ce ya zo in kai shi gida. Muna hanya hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, na miƙa masa kwanon ina ba shi haƙuri.

Ya karɓa. Ya riƙe kwanon, amma idonsa yana kan silin. Can ya ce, "Ɗan nan, ruwan nan ba daga bakin gilashin yake ɗigowa ba. Dubi, daga kusurwa yake fitowa, kuma sai ka karya kwana yake ƙaruwa. Taruwa yake yi a wani wuri."

Na ce, "Kawu, mai gyara ya ce robar ce."

"To. Bari a ɗauke mu gani."

Da muka isa ruwan ya tsagaita. Bayan la'asar ya sa na gyara tsayuwar motar a ƙofar gida, ya ɗauko turmi ya kifa, ya hau. Da wuƙar aljihunsa ya bi gam ɗin nan yana kankarewa a hankali har gilashin ya samu ya zuge. Ya sa yatsa a cikin wani kwarin ƙarfe da ya zagaye bakin tagar, ya ɗago shi baƙi ƙirin da laka da ruɓaɓɓen ganye.

"A ina kake ajiye ta?"

Na ce a gindin tsamiyar ƙofar gidana.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san ruwa zai shiga, shi ya sa ya yi masa kwata. In akwai kwata, akwai indararo. Ban taɓa gina soron da na hana ruwa sauka a kansa ba, hanya nake ba shi ya wuce."

Ya yi ta share lakar da tsumma har sai da ƙananan ramuka suka bayyana a kusurwoyin gaba, kowanne bai fi shigar tsinke mai kauri ba. Ya shiga gida ya ciro wayar birki daga wani tsohon kekensa, ya lanƙwasa bakinta don kada ta huda wani abu, ya riƙa zura ta yana murzawa. Ya ce in kawo buta. Na zuba ruwa a kwatar ta gefen direba, muka tsaya muna jira. Sai ga shi yana tsiyaya ƙasa a bayan tayar gaba, da farko baƙi, daga baya garau. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Gefen mai zaman gaba ne ya ba mu wuya. Wayar ta shiga ta tsaya, ruwa ya ƙi wucewa. Kawu ya sauko daga turmin, ya buɗe ƙofar, ya durƙusa yana laluben mafitar ruwa irin wadda ɗaya gefen ya zubar da nasa ta cikinta. Ya samu bakin wani siririn tiyo a lungu, zanzaro ya yi gini a kansa ya toshe shi da busasshiyar laka. Ya ɓantare ginin da farce, ya matse bakin tiyon, ruwan da ya taru ya feso masa a hannun riga. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ma magini ne, sai dai bai iya aiki ba."

Matar Kawu ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa, muka zauna a kan tabarma muna ci, ƙofofin motar a buɗe tana shan iska. Kawu ya yi ta ba ni labarin sorayen da ya gina a ƙauyukan nan, da waɗanda har yanzu suke tsaye. Na daɗe ban ji shi yana magana da yawa haka ba. Da zan tafi ya naɗe wayar birkin ya sa mini a aljihun mota, ya ce kafin ruwan farko na kowace shekara in zura ta, kuma in daina ajiye motar a ƙarƙashin bishiya.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fita na zauna a cikin motar ni kaɗai, ina shafa silin da tafin hannu. Ko ɗigo babu. Kujerar dai sai da na kwance ta na shanya kwana shida kafin warin ya tafi.

Mako na zagayowa Kawu ya aiko cewa yana so in kai shi Rano ya duba wani abokinsa da ba shi da lafiya. Ranar gari ya yi wasai. Mun wuce gonakin dawa, duwatsu sun fara bayyana, sai ya ce in nuna masa maɓallin. Ya danna da kansa, gilashin ya zuge har ƙarshe. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya miƙa hannu waje ta sama, haka ya bar shi har muka shiga gari.