Baƙuwar Ciki da Ƙwan Zabuwa

Kakata Hajo ba ta iya tatsuniyar ban dariya ba. Yaran wasu gidaje a unguwarmu ta Changli sukan tashi daga hira suna ƙyaƙyatawa, mu kuwa sai mu tashi daga gaban murhunta kowa yana riƙe da zanen ɗan'uwansa, ba mai yarda ya zama na baya. Duk da haka ba mu taɓa fashi ba. Da an sallame magariba an sauke tukunyar tuwo, sai mu cika madafa, mu da 'ya'yan maƙwabta, ita kuma tana zaune kan turmin da aka kife tana gasa mana gyaɗa a toka. In ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata," mu ce, "Ta shigo ta zauna," to daga nan ba mai motsi.

A daminar shekarar da aka sauke tutar Turawa ina da shekara tara. Gari yana ta murna, kowace lori da sabuwar tuta a goshinta, amma gidanmu ba murna. An yaye ƙanwata Lariba da wuri saboda Mma ta samu wani cikin, kuma tun daga ranar ba abin da ke shiga bakinta sai farin koko, safe da rana da yamma. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya koma ja yana zuba. Ko kukan kirki ta daina. In na danna ƙafarta da yatsa sai rami ya zauna a wurin, ya daɗe bai cike ba. Ni ce mai goyonta, don haka na riga kowa sanin tana ƙara sanyi a bayana.

Baba kuwa fataucin ƙwan zabi yake yi, shi ya sa ake kiransa Maizabi. Yakan saro daga ƙauyuka, ya jera a kwanduna da ciyawa, ya ɗora wa lorin Kumasi. Ɗaki guda cike da ƙwai a gidanmu, amma ban taɓa sanin ɗanɗanonsa ba, domin kowa ya san yaron da aka ba ƙwai ɓarawo zai zama. Ba a gardama a kan wannan, kamar yadda ba a gardama a kan cin abinci da hagu. Baba mutum ne da ya fi son sunansa a kan cikinsa, a kasuwa ana bar masa kaya a tafi sallah.

Wata rana Anti Ajuwa ta shigo sayen ƙwai. Ma'aikaciyar jinya ce daga kudu, tana haya a bayan gidanmu, Hausarta kuma ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta ga Lariba a bayana, ta ja fatar idonta, ta danna ƙafarta, sai ta juya ga Baba.

"Papa, yarinya nan ba shi da lafiya paa, sam-sam. Koko kawai ba ya isa. Ba shi ƙwai ɗaya kullum, murza ciki koko, sa ƙuli-ƙuli kaɗan. In ba haka ba, wata biyu ba ya kai."

Baba ya ɗaure fuska. "Madam, ku can kudu ku ba naku. Ni ba zan yi kiwon ɓarauniya da hannuna ba."

Kaka tana bakin madafa tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Ni dai abu ɗaya na riƙe, wata biyu.

Da yamman nan aka yi ruwa, muka matsu a madafa, hayaƙi yana cin idanunmu. Kaka ba ta gasa gyaɗa ba. Ta buɗe tatsuniya da murya ƙasa-ƙasa, ta ce a wani gari an yi wata tsohuwa da ake kira Baƙuwar Ciki. Ba ta da gida, ba ta da inuwa. Takan zo lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ta tsaya bakin zaure ta yi sallama da murya mai daɗi, duk wanda ya amsa ya ba ta masauki ke nan. Ba ta kwana a ɗaki, ba ta zama a tabarma. Sai ta nemi yaron da aka cire daga nono, ta shige cikinsa ta naɗe ƙafa, ta buɗe baki tana jira. Duk farin abin da aka ɗura wa yaron a bakinta yake sauka. Tana ƙiba ciki yana tashi, mutanen gida suna cewa yaro ya ƙoshi.

"In ta cinye na ciki," in ji Kaka, "sai ta miƙe ƙafafunta cikin ƙafafun yaron, ta sa su kamar wando. Sannan ta fara tsinke gashinsa ɗaya-ɗaya tana sakace haƙori."

Wata 'yar maƙwabta ta fashe da kuka. Ni ban iya kukan ba. Lariba tana bayana, ina jin cikinta a jikina, sai na ji kamar wani abu ya juya a ciki. Na so in kwance goyon in gudu, kuma har yau ina jin kunyar wannan tunanin.

Kaka ta ci gaba. Ta ce yaron yana da yaya mace, kuma wata rana yarinyar tana kuka a bayan gari sai zabuwa ta fito daga ciyawa ta ce mata, "Ɗauki ƙwaina. Akwai 'yar rana a cikinsa, Baƙuwar Ciki kuwa ba ta iya haɗiye rana." Amma a garin akwai doka, duk yaron da ya taɓa ƙwai hannunsa zai yi ta tsawo har ya riƙa jan ƙasa, kowa ya gan shi ya san ko wane ne. Yarinya ta tsaya a kan sheƙar zabuwa, ta dubi ƙwan, ta dubi hannunta.

Nan Kaka ta tsaya. Muka jira.

"Kaka, sai me? Ta ɗauka?"

"Wuta ta mutu," in ji ta. "Ku tashi."

Wutar ba ta mutu ba, tana ci sosai. Kuma ba ta rufe tatsuniyar da kalmar rufewa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Kashegari muka roƙe ta, ta ce haƙorinta ke ciwo. Jibi ma haka. A ganinmu tatsuniyar da ba a rufe ba ƙofa ce a buɗe, duk abin da ke ciki yana iya fitowa ya zaga gida.

A rana ta uku, Baba ya fita kasuwa, Mma ta tafi famfo, na shiga ɗakin ƙwai. Na zari ɗaya daga ƙasan kwando, na jefa shi cikin ruwan da ke tafasa don koko. Kafin a gama alwala ya nuna. Na ɓare shi a bayan rumbu, na murje shi cikin koko da ɗan garin ƙuli-ƙuli kamar yadda Anti Ajuwa ta ce, na ɗura wa Lariba da yatsa. Ta tofar da na farko, ta haɗiye na biyu. Ban lashi yatsan ba, na goge shi a ƙasa, na binne ɓawon. Daga ranar kullum sai na auna hannuna da muciyar tuwo in ga ko ya ƙaru. Wauta ce, na sani, amma rantsuwa zan iya yi a lokacin cewa na dama ya fi na hagu.

Na yi haka kusan mako uku. Wani lokaci ina ƙara ganyen zogale da na tsinko a shingen maƙwabta, sata a kan sata. Kumburin ƙafar ya fara sauka. Ran nan Lariba ta ja mini kunne ta yi kuka mai ƙarfi, irin na yaron da ke da rai a jika, na rasa ko murna zan yi ko tsoro, don kukan yana iya tona ni.

Ba kukan ne ya tona ni ba, kaji ne. Suka tone bayan rumbu suka watsa ɓawon ƙwai a tsakar gida. Bayan magariba Baba ya shigo madafa, inda bai taɓa shiga ba, da ɓawon a tafin hannunsa. Ya sallami 'ya'yan maƙwabta.

"Wa ya shiga ɗakina?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Bai daka tsawa ba, da ma ya daka. Ya juya ga Kaka. "Inna, kin gani? Abin da kika faɗa mini tun ina yaro, ga shi a gidana. Ƙwai ya yi mini ɓarauniya."

Kaka ta ce, "Tambaye ta ko ta taɓa ci."

Ya dube ni. Na ce wallahi ko lasa ban yi ba, Lariba nake ba.

"To wadda ta ci ga ta can tana wasa da ludayi," in ji Kaka, "wadda ba ta ci ba ita ta yi sata. Ba ƙwai ne ya yi ɓarauniyar nan ba, Maizabi. Ni da kai muka yi ta."

Baba ya matso wurin Lariba. Sannan ya durƙusa, ya kama ƙafar Lariba ya danna da babban yatsansa, ya ɗaga. Ramin ya cike nan take. Ya sake dannawa. Ya tashi ya fita. Da safe na tarar da ƙwai ɗaya a cikin ƙwarya a bakin madafa, kuma haka na riƙa tararwa kullum har Lariba ta fara gudu. Bai taɓa cewa a ba ta ba, mu ma ba mu taɓa cewa mun gani ba.

Sai da na yi aure na haifi ɗana na fari na sake tayar da maganar. Kaka ta tsufa sosai, tana kwance a ɗakinta a unguwar Kanvili wurin ƙanen Baba. Na ce da wasa har yanzu tana riƙe da ƙarshen tatsuniyarmu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce kafin Baba ta haifi biyu, mace da namiji, duka Baƙuwar Ciki ta tafi da su, zabi kuwa suna yawo a tsakar gidanta. Ta ce ita ta koya wa Baba dokar da bakinta, kuma har ranar da Anti Ajuwa ta yi magana rabin zuciyarta yana tare da dokar. Ta kasa ɗaukar ƙwan, ta kuma kasa haƙura.

Na daɗe ina ɗauka Kaka jaruma ce mai dabara, wadda ta san komai ta shirya komai. Ranar na gane tsohuwa ce da tsoro ya fi ƙarfinta, ta tura 'yar shekara tara inda ita ta kasa zuwa. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, kuma na ji tausayinta fiye da haushin. Na ce, "To yarinyar ta ɗauki ƙwan ko ba ta ɗauka ba?"

Ta kama hannuna ta riƙe gam. "Ban sani ba, Azumi," ta ce. "Ni ma zaune nake ina jira in gani."