Gayyar da Na Kai Gonar Auduga

Duk wanda zai rubuta tarihin ƙwallon ƙafa a Kontagora, in bai fara da ni ba ya ɓata takardarsa, don ni ne kocin da ya tsallake iyaka ya horar da ƙungiya a ƙasar waje. In mutum bai tambayi wace ƙasa ba, ni ma ba na wahalar da shi da bayani. In ya matsa sai in faɗa masa gaskiya: wani gari ne a Jamhuriyar Benin, wanda in ka yi atishawa mai ƙarfi a bakin iyaka za a yi maka addu'a daga can.

Kafin tafiyar na daɗe ina riƙe da ƙungiyar unguwarmu. 'Yan wasana kanikawa ne da 'yan acaba da 'ya'yan manoma, kuma rabin aikina ba a fili nake yin sa ba. In kaka ta yi, babu uban da zai bar ɗansa ya tafi bin ƙwallo masara na tsaye a gona. Sai na fito da dabara: in kwashi ƙungiyar kaf mu kai wa uban yaron gayya, in raba su gida biyu, in busa usur a yi tsere, kafin azahar mun karye masarar mun tara. Ranar wasa sai ya sako mana ɗansa har da addu'a. Mun yi haka a Sahon Rami, mun yi a Kumbashi.

Wani Alhaji ɗan Benin da ke zuwa sayen hatsi kasuwarmu shi ya ji labarina. Shi ke ɗaukar nauyin ƙungiyar garinsu, kuma sau biyu ana kiran wasa ba su cika goma sha ɗaya ba. An gaya masa in aka yi na uku za a cire su daga gasar yankin. Ya ce, "Koci, ka zo ka fitar da ni kunya. Ni na roƙa aka saka mu, yanzu ko gaisuwar mutuwa na je sai an tambaye ni ina 'yan wasana."

Na amsa kafin ya rufe baki. Na ɗinka kwat, na sayi ɗan allon da ake zana tsarin wasa. Abokai suka haɗa mini liyafar ban kwana a teburin mai shayinmu, na yi jawabin da har mai shayin ya manta ruwa a wuta. Uwargidana kuwa da take haɗa mini jaka cewa ta yi, "Na sa maka kayan mako biyu, na san ba za su wuce haka suna haƙuri ba." Wannan magana ta bi ni har iyaka. Na ƙudurta ko ciyawar filin zan ci, ba zan dawo Kontagora da wuri a yi mini dariya ba.

Ranar atisayen farko na tsaya tsakiyar fili da kwat da allo, mutum shida suka zo. Tela, wanzami, masu shago biyu, da 'yan acaba biyu. Na zana musu tsarin 'yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu, 'yan gaba biyu. Wanzamin ya leƙa allon ya ce, "Koci, sauran a cikin jakarka suke?"

Sauran suna gona, lokacin cirar auduga ne, har da golan da duk garin ke taƙama da shi. Nan take na ji zuciyata ta yi fari, na ce ai wannan ciwon ni ne likitansa. Na ajiye allon na ce gobe da safe kowa ya same ni a gonar uban gola.

Ni dai auduga a cikin katifa na san ta. Amma na ce gona ai gona ce. Uban gola dattijo ne siriri mai Hausar kasuwa, irin wadda kunnen ɗan Kontagora ya saba da ita. Na gaishe shi na ce, "Baba, yau ka zauna a inuwa, aikinka ya ƙare." Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, ya ce to.

Na raba yaran uku-uku, na ce wanda ya fara cika buhu shi ne gwani, na busa usur. Golan ya matso a hankali ya ce, "Koci, ita a hankali ake zare ta, ba a haɗawa da..." Na ce masa a Kontagora ba ma kai azahar a gona. Muka afka. Muna damƙa da ɓawo da busasshen ganye da reshe, abin da hannu ya kama sai buhu. Ni kaina na tumɓuke tsiro ɗaya har da saiwarsa na cusa. Kafin rana ta take, kunyoyin da muka bi sun zama kamar shanun makiyayan dajin Bobi sun kwana a ciki, ni kuma na fito fari fat, ƙaya ta yage mini hannun kwat.

Da muka zazzage buhunan gaban dattijon, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki dunƙule ɗaya yana tsince ganye da yatsu. Can ya ce, "Sannunku da aiki. Gobe ba sai kun dawo ba. Yaron naka ne har ranar wasa."

Na tafi ina taka ƙasa da ƙyar don alfahari. Da la'asar a bakin kasuwa na ɗaga murya na sanar cewa gobe gonar uban ɗan gabanmu za mu, jibi ta uban wasu tagwaye da ke buga mana baya, haka har sai na zaga kowa. Wayewar gari, ban ko sa takalmi ba, sai ga samari a ƙofar masaukina, kowa ya ce babansa ya ce ya zo atisaye, kuma a gaya wa koci kada ya wahalar da kansa, an gode. Na ce wa Alhaji, "Ka gani? Kwarjini ke nan. Ba a koyon sa a makaranta."

Ranar wasa muka cika har jesi ta kasa isa. An zura mana ɗaya, muka rama ɗaya, golan nan ya kaɗe bugun fenariti da ƙafa. Ba a cire mu ba. Alhaji ya rungume ni a tsakiyar fili yana share hawaye da bakin hularsa, kuma wannan kam ban ƙara masa gishiri ba. Na zauna da su har gasar ta ƙare, kayan mako biyun nan suka sha wanki har suka koɗe.

Ranar da zan dawo gida aka rako ni tasha. Dattijon ya zo da kansa, riƙe da zabuwa an ɗaure mata ƙafa, ya ce in kai wa iyali. Abin ya taɓa ni ƙwarai, sai bakina ya buɗe. Na shiga gaya wa jama'a yadda gumin yini ɗaya ya narkar da zukatan iyaye, na kuma yi alkawarin baɗi in Allah ya kai mu zan taho da ƙungiyar Kontagora gaba ɗaya mu zaga gonakin garin.

Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Koci, don Allah ka ji tausayinmu. Ni da iyalina har yau ganye muke tsincewa. Baɗi ka zauna a fili, yaran za mu kawo maka da kanmu."