Abin da Na Ɓoye a Ramin Motar Baba

Duk sanda na ji warin kwalta a kan wuta, sai in tuna tsakar gidanmu na unguwar Asawase a Kumasi, a daminar 1969, lokacin ina 'yar shekara tara.

Baba direba ne. Yana da wata tsohuwar lori da yake ɗauko goro da ita daga ƙauyuka zuwa Kumasi, da ita muke ci, da ita muke sha. Ruwan Kumasi kuwa ba ya raga wa ƙarfe. Dogon farantin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofar motar, inda ake taka ƙafa a hau, tsatsa ta cinye shi har ya yi rami. In ka taɓa gefen sai ya rududduge kamar ƙanzo.

Ramin nan ya yi mini rana. Kakata, mahaifiyar Baba, tana da ƙaramin kofin tangaran mai zanen shuɗi da ta zo da shi daga Makka. Wata safiya na ɗauka in sha koko da shi don in ji yadda manya suke ji, ya suɓuce ya fashe. Na tsince gutsattsarin kaf, na zura su cikin ramin. Da aka rasa kofi, aka ɗora wa akuyarmu laifi, don ta saba shiga ɗakin Kaka. Aka ɗaure ta a turke tun daga ranar. Ni kuwa na bar ta da laifina.

Bayan wata guda ɗan sanda ya tare Baba a hanya, ya ce kada ya sake ganin motar a titi sai an gyara wurin. Baba ya je wajen masu walda a Magazin, unguwar makanikai, ya dawo yana girgiza kai.

"Abin da suka faɗa, sai dai in sayar da motar in gyara ta," in ji shi. "A gida za mu yi."

Aka kira Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke ƙera bokiti da fitilun gwangwani a Dichemso. Ya zo da guduma da almakashin ƙarfe da ƙusoshi a cikin gwangwanin madara. Ya zagaya gidan yana neman ƙarfe mai kauri, idonsa ya tsaya a kan duron da Kaka ke tarar ruwan sama.

"Kul!" in ji Kaka.

Baba ya durƙusa. "Mma, in motar ba ta fita ba, goron bana ya wuce mu."

Sai ta ce a kwashe mata ruwan a tukwane tukuna, kada ɗigo ya zube.

Kwana biyu suka yi suna fama. Suka fasa duron, suka shimfiɗa shi a kan kututture suna bugu har maƙwabta suka leƙo. Kawu ya auna tsawon wurin da igiya, ya lanƙwasa ƙarfen a gefen dakali. Hadari ya taso, a ruga a rufe kaya da buhu, ya wuce a dawo. Mahaifiyata ta narka kwalta a tsohuwar tukunya tana mita. Kowa na raha, ni kuwa ko tuwo ba ya shiga mini.

Ranar da za a yanke ruɓaɓɓen wurin, Kaka ta jawo kujera ta zauna, wai za ta ga inda duronta zai ƙare. Kawu ya kafa almakashi, ya ɓamɓaro farantin. Garin tsatsa ya zubo, ƙasa ta zubo, sai ga gutsattsarin tangaran masu shuɗi sun biyo baya, ƙwal-ƙwal a kan siminti.

 Kawu ya ɗauki hannun kofin, ya juya shi.

"Ashe akuyar nan ta iya ajiya," in ji shi.

Na fashe da kuka. Kaka ta yafuto ni, na je. Ta share mini fuska da bakin mayafinta.

"Ni na yafe, ƙawata. Amma ga wadda ta yi wata guda a ɗaure. Je ki ba ta haƙuri."

Haka na durƙusa gaban akuya, na ce ta yi haƙuri, na kwance ta, na ba ta ɓawon ayaba. Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Da la'asar suka ɗafe sabon ƙarfen da ƙusoshi, suka shafe cikinsa da kwalta, wajen kuma da ragowar koren fentin ƙofarmu, alhali motar ja ce. Kawu ya hau ya yi tsalle sau uku, ko motsi. Washegari Baba ya fita, kwana uku ya dawo da huhunan goro. Har aka sayar da motar, wannan koren gefen bai sake ruɓewa ba.

Yanzu ɗana ma direba ne. In wani abu ya lalace a motarsa, waya yake bugawa a kawo sabo, babu mai zagaya gida yana neman duro. Ba na ganin laifinsa. Amma jikokina, in suka fasa mini abu, da gudu suke zuwa su faɗa, don sun san kakarsu ta taɓa durƙusa wa akuya.