Jakar Abincin Ɗan Fari

Gari bai gama wayewa ba muka bar unguwarmu ta Morrisania, can ƙasar Turawa, ni da babban ɗana, kekensa a ɗaure a saman motata. Yana cikin wata ƙaramar ƙungiyar masu tseren keke, za su yi tseren kwanaki a duwatsun da ke arewa da birni. Mai miƙa musu abinci a hanya ba shi da lafiya, aka ce in zo. Uwarsa ɗan nawa ya gaya wa, ba ni ba, cewa in bai kai ƙarshe ba ƙungiyar za ta sallame shi.

Ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ni ma ban taɓa ba. "Kai" nake cewa, ya waiwayo.

Hanya sumul, ba rami. Da muka haye kogin Hudson gidaje suka yi ta raguwa, sai daji da shanu da gonakin masara. Shayin da ake sayarwa a gidan mai, ruwan zafi ne kawai, ga tsada.

A masauki na ga ci. Na ratsa Sahara da dabino a aljihu, na san yunwa, amma ban san ci ma wahala ne ba. Samari sirara kamar kara, kowa da tulin shinkafa da taliya da ƙwai, suna tauna ba hira, kamar aikin dole. Kocinsu, wata Baturiya mai furfura, ta ce abin da jikinsu ke ƙonawa a wuni ɗaya ya kai cin kwana biyu ko uku na irina. Abin da mutum bai ci yau ba, gobe ƙafarsa za ta tambaye shi. A kan keke ma ci ake yi, tun kafin yunwa ta zo.

Ta ba ni jakar ɗana: ayaba, dunƙulen shinkafa da zuma, gorar ruwan sukari da gishiri. In tsaya a bakin hanya, in sun taho in ɗaga ta, in kira sunansa da ƙarfi. Na ce to.

Suka taho a dunƙule, hula iri ɗaya, tabarau iri ɗaya. Mutanen da ke gefena kowa na ihun sunan nasa. Na ɗaga jaka na ce, "Kai!" Ya wuce.

Saura kaɗan lokaci ya ƙare a cire shi ya iso. Leɓe fari. Ni na kwance masa takalmi. Da yamma ya zauna gaban shinkafa yana tura ta da ƙyar. Kullum da Turanci yake amsa mini, amma ran nan da Hausa ya yi magana.

"Baba, gobe ka ɗaura jan ƙyalle a sanda. Zan gani. Ba sai ka kira ba."

Washegari aka tashi da ruwa da hazo a kan dutse. Ƙyallen ya jiƙe, ya manne da sandar. Na hango shi can baya, kai a sunkuye, ba ya kallon komai sai tayar gaba. Zai sake wucewa.

Na kira sunan. Da dukan ƙarfina, har sau nawa ban sani ba. Ya ɗago, ya fizge jakar, kafaɗata ta amsa. Sauran kwanakin ma haka.

Ya kai ƙarshe cikin na baya-baya. Ba su sallame shi ba.

A hanyar dawowa barci ya yi ta yi, rabin burodi a hannunsa. Bayana na ciwo, muryata ta dishe. Abin da na gano shi ne, ciki ke tuƙa keke, ba ƙafa ba, kuma kunya ba ta ciyar da mai yunwa.

A gida uwarsa ta ce, "Malam, ina ka baro muryarka?"

Yaron ya buɗe baki. Na dube shi, ya rufe.

Na ce, "Sanyin dutse ne. Kawo masa abinci."