Kara Ɗaya Kafin Sholisho Ya Sha Iska

Babana mai faci ne. Shekara talatin da ɗoriya yana bakin titi ƙarƙashin rumfar kwano, ga bahon ruwan da yake nutsa taya yana neman inda take yoyo. Bai taɓa ɗaura agogo ba. In ya shafa sholisho sai ya ja baya ya kunna taba, kara ɗaya na ƙarewa ya san sholishon ya sha iska, sai ya manna faci. Iya tayoyin ranar, iya tabar da zai sha.

Ni na tayar masa da hankali. Na haifi 'yata bakwaini, ƙirjinta ba ƙwari, likita ya ce ko warin taba a jikin riga kada ya kusance ta. Ran da Baba ya miƙo hannu zai ɗauke ta na ce, "Baba, ka yi haƙuri, daga nan za ka gan ta." Ya mayar da hannunsa aljihu. Har yau abin na yi mini ciwo, amma ko gobe haka zan faɗa.

Sau uku yana barin tabar da ƙarfin tsiya, sau uku taya ta biyu na kayar da shi. Ƙarshe ya tsallaka titi zuwa kantin magani. Mai maganin, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta yi masa wa'azi ba. Cewa ta yi, "Baba, wane lokaci tabar ta fi kiranka?"

Ya gaya mata zancen sholisho. Ta ba shi cingam na masu barin taba. Baba kuwa ya hau shi da tauna kamar akuya ta samu dusa, shaƙuwa ta kama shi, ya koma yana faɗa wai an ba shi guba.

"Laifina ne, ban yi maka bayani sosai ba," in ji ta. "Tauna kaɗan. In ka ji yaji, ajiye shi a kumatu. In yajin ya lafa, je ka taɓa sholishonka."

Haka ya samu sabon agogo. Duk mako yana leƙa ta, tana rage masa a hankali. Sau ɗaya ya zame, ya je yana sunkuyar da kai, ta ce ba komai, su ɗora daga nan. Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri, ban san da wane baki zan gode mata ba.

Bayan wata uku ya zo da wankakkiyar riga. Ba kunya na sunsuna kafaɗarsa, sannan na miƙa masa jaririyar. Ya kai hancinsa kan gashinta, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe jarirai ƙamshi gare su," ya ce. "Ku bakwai na haifa, ban taɓa ji ba."