Layin da Na Goge a Manhajar Bulus

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Rabi, shugabar sashenmu, ta kira ni ofishinta a kan layi ɗaya tak ba. A lokacin ni ne babban jami'in kwamfuta a wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Gusau. Bulus Ayuba yana reshenmu na Tsafe, mataki biyu ƙasa da ni.

Bulus ya rubuta wata manhaja mai tura wa makiyaya saƙon ranar rigakafin dabbobi, ya sa ta a intanet a buɗe. Ka'idar irin wannan ita ce kowa na iya ɗauka ya gyara kyauta, amma dole ya bar sunan mai asali a saman fayil, sannan ya ƙara nasa a ƙasa. Duk taron da aka yi sai an ambaci Bulus. Ina yi masa tafi tare da kowa, raina kuwa yana ƙuna.

Gab da damina aka ba ni aikin daidaita manhajar don Bungudu. Na ƙara mata saƙon murya da Fulfulde, saboda rugagen Kwatarkwashi. Da na gama sai na goge sunansa, na ɗora ta a intanet da nawa kaɗai. Akwai kujerar horo guda ɗaya a Kaduna da za a ba marubucin manhajar, kuma ina son ta.

Ranar da Hajiya ta kira ni, na tarar da Bulus zaune a ofishinta, Hajiya ta jera kwamfutoci biyu. Ashe ya ga aikina, ya yaba, ya saka shi cikin tasa, ya rubuta: "Sashen Fulfulde: Malam Sani Garba."

"Malam Sani, ga sunanka a tasa," in ji Hajiya. "Ina nasa a taka?"

Na ce kuskure ne wajen kwafa.

Bulus ya yi dariya. "Yallaɓai, wannan kuskuren yana da ido. Layi ɗaya ya nema, ya samu."

Nan take na mayar da sunan, Hajiya tana tsaye a kaina. Bulus ne ya tafi Kaduna. Ni na sa hannu a takardar izinin tafiyarsa, don ni ne na gaba da shi.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku sani: a wannan sana'a kowane gyara yana barin sawu, kuma mutanenta sukan yafe maka kurakurai a aiki, amma ba sa manta wanda ya goge sunan wani. Kishin Bulus bai sake ni ba har yau. Sai dai duk fayil ɗinsa da na taɓa, sunansa nake fara dubawa.